Dariya a Bakin Ramin Mugunta: Amsar Wasiƙunku Kan Fim Ɗin Dr. Strangelove

Assalamu alaikum, masu karatu. A fitowar da ta gabata, ina cikin amsa wata tambaya kan yaƙin cacar baka, na ambaci wani tsohon fim a layi biyu na wuce. Ashe wuri mai ƙaiƙayi na taɓa. Wasiƙun da suka zo kan layukan nan biyu sun fi waɗanda suka zo kan ainihin batun yawa. Na zaɓi huɗu, na taƙaita su, na kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Daga wata ɗaliba a jami'ar Tawa: "Baba, barka da aiki. Malaminmu ya sa mu kalli fim ɗin da ka ambata, wanda a Faransanci ake ce wa Docteur Folamour. Mazan ajinmu sun yi ta ƙyalƙyala dariya, ni kuwa raina ne ya ɓaci. An nuna duniya ta ƙare, bama-bamai na tashi, kuma ana rera waƙa mai daɗi a kai. Yaya mai imani zai mai da halakar bil'adama abin raha? Ko ni ce ban gane ba?"

Ƴata, kin gane sarai. Ɓacin ran da kika ji shi ne abin da mai fim ɗin ya nufa ya bar wa mai kallo, dariyar kuwa hanya ce ta kai shi can. Bari in ba ki labarin ranar da na fara ganinsa.

Ina sabon malamin tarihi a wani lise a nan Yamai, sai wani abokin aikina mai koyar da kimiyya ya samo kaset ɗin bidiyonsa. Muka taru mu shida a tsakar gidansu a Yantala bayan isha'i, aka fito da tele aka ɗora kan benci, ƙanensa na gefe yana fifita gawayin shayi. Daga kofin farko har na biyu dariya muke har da riƙe ciki. Kofi na uku a kan faranti ya huce, ba wanda ya miƙa hannu. Da hoton ya ɗauke, mahaifin abokin nawa, wanda ke kishingiɗe kan tabarma can nesa da carbinsa, muna zaton ma barci yake, ya ce, "Manyan nan da ke zaune a teburin, su suka yi wannan?" Muka ce su ne, Baba. Ya ce, "Da hankalinsu?" Muka ce da hankalinsu, ban da mutum ɗaya. Bai ƙara cewa komai ba, ya naɗe tabarmarsa ya shige ɗaki. Na shekara fiye da talatin ina koyar da wannan zamani a aji, kuma tambayar dattijon nan ita nake fara yi wa ɗalibai.

Ga waɗanda ba su gani ba, ga labarin. Stanley Kubrick ne ya ba da umarni, an ɗauke shi a Ingila cikin fari da baƙi, ya fito ranar 29 ga Janairun 1964. Wani janar na sojan saman Amurka, Jack Ripper, ya sa wa ransa cewa sinadarin da ake zubawa a ruwan famfo don kare haƙora makircin ƴan gurguzu ne na gurɓata jinin Amurkawa. Sai ya rufe sansaninsa, ya ƙwace rediyoyi, ya ba jiragensa 34 ƙirar B-52 umarnin su je su zuba bama-baman nukiliya a Tarayyar Sobiyet. Jiragen dama suna sama, tafiyar awa biyu ce tsakaninsu da wuraren da aka ware musu. Da zarar sun karɓi umarnin, na'urarsu ba ta ƙara jin kiran kowa sai wanda ya zo da kalmar sirri mai haruffa uku, kuma Ripper kaɗai ya san ta. Shugaban ƙasa ya tara manyansa a ɗakin yaƙi, ya kira jakadan Rasha, ya buga wa shugaban Rasha waya ya same shi a buge. A nan ne jakadan ya fasa ƙwai: ƙasarsa ta gina wata na'ura wadda, in bam ɗaya ya faɗa mata, za ta tashi da kanta ta lulluɓe duniya da tururin guba na shekara 93, kuma an gina ta yadda ba mai iya kashe ta, har su da suka yi ta.

To, ki lura da abu ɗaya. Mahaukaci ɗaya ne a labarin nan, kuma bai kai ƙarshen fim ba, ya shiga makewayi ya harbe kansa. An ma gano kalmar sirrin, an dawo da jirage. Jirgi ɗaya ne ya rage, wanda makami mai linzami ya lalata wa na'urar karɓar saƙo, shi ya kai bam ɗin. Duk abin da ya hana a tsayar da bala'in, masu hankali ne suka tsara shi, kowanne da hujjarsa mai kyau a kan takarda. An ba janar ikon kai hari don kada abokan gaba su kashe shugaban ƙasa su zauna lafiya. An toshe kunnen jirage don kada abokan gaba su yaudare su da umarnin ƙarya. An gina na'urar da ba ta kasuwa don kada kowa ya yi gigin gwadawa. Hujja bisa hujja, kamar mai gina rijiya yana ƙara mata zurfi don ɓarawo, ya manta ƴaƴansa ne ke wasa a tsakar gidan. Hausawa sun riga sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Waɗannan sun gina nasu da faɗin duniya.

Kubrick da niyyar fim mai tsanani ya fara. Ya sayi littafin Peter George mai suna Red Alert, na 1958, wanda babu raha a cikinsa ko kaɗan. Yana cikin rubutu sai ya ga yana ta cire abubuwa don kada mutane su yi dariya, kuma abubuwan da yake cirewa su ne suka fi kusa da gaskiya. Sai ya daina cirewa, ya kira marubuci Terry Southern suka juya shi.

Yanzu ki tuna wuraren da ƴan ajinku suka fi dariya. Na tabbata akwai inda Janar Turgidson, ɗaya daga cikin manyan da ke ɗakin yaƙi, wanda George C. Scott ya fito a matsayinsa, yake tauna cingam yana ba shugaban ƙasa shawarar a ƙarasa harin gaba ɗaya, wai Amurkawan da za su mutu ba za su wuce miliyan goma zuwa ashirin ba, ai gara haka da a rasa miliyan ɗari da hamsin. Yana faɗa kamar dillalin da ke ciniki a kasuwar dabbobi. Akwai inda janar ɗin da jakadan Rasha suka kama kokawa, shugaban ƙasa ya tsawata musu cewa ba a faɗa a nan, nan ɗakin yaƙi ne. Akwai kuma wanda ni ya fi tsaya mini a rai. Hafsan Ingila Mandrake, mataimakin Ripper a sansanin, ya gano kalmar da za ta ceci duniya, wayar da ta rage kuwa sai an jefa mata silalla, shi kuma canjinsa bai kai ba. Ya roƙi wani kanar ya harbi akwatin sayar da Coca-Cola su ɗebi kuɗi, kanar ɗin ya tsaya yana jan ƙafa, wai dukiyar kamfani ce, Mandrake ne zai amsa tambayar kamfanin. Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya wani wuri cikin dare aka ce masa mai riƙe da makulli ya tashi, ya san mutumin nan. Yana nan a kowace ƙasa.

A duk wuraren nan, wa ake yi wa dariya? Ba a nuna gawa ana raha a kanta ba. Masu lissafin gawa ake yi wa, mutanen da suka saba da kalmomi manya har suka daina jin nauyinsu. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ɗan kama yakan naɗa rawani ya kwaikwayi muryar babban malami yana jan baƙi, alhali duk karatun nasa kan tuwo da miya ne, jama'a na dariya, mai kwaɗayin da ke cikin taron kuma ya san da shi ake. A Damagaram akwai wasan kara, inda talakawa ke shigar masu mulki suna kwaikwayon tafiyarsu da maganarsu. Mustafa Alasan, wanda ya zauna shekaru masu yawa nan garinku Tawa, ya zana kwaɗi a 1966 ya nuna shugabansu ya tafi ziyarar aiki da faretin soja da taken ƙasa, shekara biyu kacal bayan fim ɗin Kubrick. An ce faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa. Wasu na ɗaukar karin maganar nan a matsayin miƙa wuya. Ni na ɗauke ta a matsayin dabara. Janar mai taurari a kafaɗa zai iya jure zagi, zai iya jure zanga-zanga, don duka biyun suna ƙara masa girma a idon kansa. Abin da ba ya iya jurewa shi ne yaro ya nuna shi da yatsa yana dariya.

Amma akwai inda na ba ki gaskiya ɗari bisa ɗari. Fim ɗin bai nuna fuskar ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda bam zai faɗa wa ba. Babu uwa, babu jariri, babu manomi. Mace ɗaya ce tak a cikinsa, ita ma an mai da ita kayan ado. Wanda bai san abin da bam ke yi wa jikin ɗan Adam ba zai iya tashi da dariyar kaɗai, ya bar sauran. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina su fara da Hiroshima. Ranar 6 ga Agustan 1945 aka jefa bam ɗaya, kafin ƙarshen shekarar mutane wajen 140,000 sun mutu, wasu nan take, wasu bayan makonni gashinsu na zuba, dasashinsu na jini. Kwana uku bayan haka aka jefa na Nagasaki. Bam ɗin da Sobiyet ta gwada a Oktoban 1961 ya ninka na Hiroshima ƙarfi fiye da sau 3,000. Ki kai wa ƴan ajinku wannan lissafin, sannan ku sake kallon minti biyar na ƙarshe, inda manyan ke tattauna yadda za su ɓuya a ramukan ma'adini, kowane namiji da mata goma, idanunsu na ƙyalli. Ki rubuto mini in dariyar tasu ta fita da sauti irin na farko.

Daga wani matashi, a madadin fadarsu a Bukoki, Yamai: "Malam, gardama ta kaure a fada. Wasu sun ce duk ƙaryar fim ce, ƙasa kamar Amurka ba za ta bar mutum ɗaya ya tayar da yaƙi ba. Ka raba mu."

Ɗana, ka gaida mini ƴan fada. Masu cewa ƙarya ce suna da abokin ra'ayi, don a farkon fim ɗin an rubuta sanarwa cewa rundunar sojan saman Amurka ta ce matakan da take da su za su hana irin haka faruwa. Sai dai takardun da aka buɗe daga baya ba su goyi bayan sanarwar ba.

Jiragen da ke shawagi dare da rana da bam a cikinsu gaskiya ne, an yi haka daga 1960 zuwa 1968. A Janairun 1961 wani B-52 ya tarwatse a sama kusa da garin Goldsboro, a cikin Amurka kanta, bama-bamai biyu suka faɗo. Takardar da aka fitar a 2013 ta nuna ɗaya daga cikinsu ya bi kusan duk matakan tashi, ɗan makunni guda ne ya tare shi. A Janairun 1966 wani ya yi karo da jirgin da ke ba shi mai a sararin ƙauyen Palomares na ƙasar Sifen, bama-bamai huɗu suka zubo, biyu suka fashe suka watsa guba a gonaki, ɗaya kuma sai da aka kwashe fiye da wata biyu kafin a tsamo shi daga teku. Bayan wani B-52 ɗin ya yi haɗari a tsibirin Girinlan a 1968 aka daina shawagin. Batun ba hafsoshi iko kuwa, shugaba Eisenhower ya sa hannu tun ƙarshen shekarun 1950 cewa wasu manyan kwamandoji na iya amfani da makamin in an kai hari kuma ba a samu shugaban ƙasa ba. An ɓoye wa jama'a wannan shekaru da yawa.

Shi kansa Dakta Strangelove, masanin nan na kan keken guragu wanda hannunsa mai baƙar safa ke ƙwace masa yana sara wa Hitila, ba daga sama aka ƙago shi ba. Bayan yaƙin duniya na biyu Amurka ta kwashi masana da injiniyoyin Jamus fiye da 1,600 ta ba su aiki, cikinsu har da Wernher von Braun mai ƙera roka. Na'urar ƙare duniya kuma wani masani Ba'amurke, Herman Kahn, ya tattauna ta a littafinsa na 1960. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a 1985, shekara ashirin da ɗaya bayan fim ɗin, Sobiyet ta kafa wani tsari mai suna Perimeter, wanda zai ba da damar mai da martani ko da an kashe shugabanninta duka. Ba daidai yake da na fim ba, don an bar ƴan hafsoshi a ƙarƙashin ƙasa su yanke hukuncin ƙarshe. Amma ta ɓoye shi, kamar dai a fim, inda Strangelove ke tambayar jakada amfanin abin tsoratarwa da ba a gaya wa kowa ba.

Ga mutane biyu da nake so ƴan fada su riƙe sunansu. Ranar 27 ga Oktoban 1962, ana tsakiyar rikicin Amurka da Sobiyet kan makaman da Sobiyet ta girke a Kyuba, jiragen ruwan Amurka suka yi wa wani jirgin ƙarƙashin teku na Sobiyet ƙawanya, suna jefa masa ƙananan nakiyoyi don ya fito. Na ciki sun kwana biyu ba su ji daga Mosko ba, zafi ya ishe su, iska ta ɓaci. Bisa shaidar waɗanda ke ciki, kyaftin ɗin ya ɗauka yaƙi ya riga ya ɓarke, ya nemi a harba makamin nukiliyar da suke ɗauke da shi. Wani hafsa, Vasili Arkhipov, ya ƙi yarda, jirgin ya fito sama. Na biyun Stanislav Petrov ne. Daren 26 ga Satumban 1983 yana bakin aiki kusa da Mosko, kwamfuta ta nuna masa makami ɗaya ya taso daga Amurka, sannan ta ce biyar. Ya yi tunanin wanda zai fara irin wannan yaƙi ba zai fara da biyar ba, ya kira manyansa ya ce na'ura ce ta yi kuskure. Daga baya aka gano hasken rana ne a kan gajimare ya ruɗi tauraron ɗan adam. Petrov ya rasu a 2017, a ɗan gidansa, yana cin fansho.

Saboda haka ga rabon gardama: labarin ƙirƙira ne, kayan da aka gina shi da su kuwa na gaske ne. Kuma maganar ba ta tsufa ba. Ƙasashe tara ke da makamin a yau, kawunan bam wajen 12,000, kusan kashi 90 cikin ɗari a hannun Amurka da Rasha.

Daga wata uwa, unguwar Talaje: "Malam, ɗana mai shekara goma sha biyu ya ji yayyensa na maganar fim ɗin, ya dame ni. In bar shi?"

Hajiya, ki ba shi haƙuri tukuna. Ba a nuna jini sosai ba, amma akwai zantukan manya a lulluɓe daga farko har ƙarshe, har sunayen mutanen ciki habaici ne na batsa a Turanci, akwai kuma wurin da mace ta fito da shigar da ba za ki so ya gani ba. Ban da haka, yawancinsa magana ce a ɗaki, yaro zai gaji. In ya shiga lise ya karanta yaƙin duniya na biyu, ku zauna ku kalla tare, awa ɗaya da rabi ne da ƴan mintoci. Ranar ki sa shi ya nemo mutum ukun da jarumi ɗaya, Peter Sellers, ya fito a matsayinsu: shugaban ƙasa, da hafsan Ingila, da Strangelove. Ɗalibaina da yawa ba sa yarda sai sun ga sunaye.

Daga wani dattijo a Tawa, ta hannun jikansa: "Malam, ni tsohon direban kamyo ne. Shekara ashirin na yi bisa hanyar Arlit. Jikana ya karanta mani abin da ka rubuta, ya kuma ba ni labarin hoton. Tun ranar ban samu barci mai kyau ba. Gangunan da munka riƙa ɗaukowa muna kaiwa Paraku, su ne bam ɗin? In su ne, muna da alhaki?"

Alhaji, yayana, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wasiƙarka ce ta zo ƙarshe, ita ce kuma na fi daɗewa a kanta. Ni ma ɗan Adar ne. Ina saurayi nakan tsaya bakin kwalta a Tawa in ga jerin motocinku sun ratso daga Agadas, ƙura ta rufe gilashi, yaran mota na zaune bisa kaya da rawani har ido. Mai yiwuwa na taɓa ɗaga maka hannu.

Abin da ke cikin gangunan nan ba bam ba ne. Garin yuraniyom ne da aka tace daga dutse, wanda ake kwatanta launinsa da garin ɗorawa. Ko an kunna masa wuta ba zai tashi kamar bam ba. A cikin yuraniyom yadda Allah ya ajiye shi a ƙasa, nau'in da ke ba da wutar, wanda ake kira 235, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, 0.7 ne. Kafin ya kunna tashar lantarki irin wadda aka fi amfani da ita, sai an kai shi wata masana'anta an mai da shi iska an yi ta juya shi a injuna har ya kai kashi 3 zuwa 5. Na bam kuwa sai ya kai wajen kashi 90, aikin da ƙasashe ƙalilan ne ke da injunansa. Mafi yawan yuraniyom da ake haƙa a duniya a yau wutar lantarki ake yi da shi. Tsakanin motarka da bam akwai teku, akwai masana'antu, akwai sa hannun shugabanni.

Hukuncin alhaki na malamai ne, ka kai wa limaminku tambayar yadda ka kawo mini ita. Abin da ni zan iya shaida shi ne kai abincin iyalinka ka nema, da guminka, a hanyar da ta ci motoci da mutane da yawa.

Amma tambayarka ta taɓo abin da fim ɗin ya tsallake. A babban allon ɗakin yaƙinsu babu mu, alhali tun ranar farko Afirka na cikin maganar. Mafi yawan yuraniyom ɗin da aka yi bam ɗin Hiroshima da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango ya fito. Ranar 13 ga Fabrairun 1960, wata shida kafin mu samu ƴancin kai, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, mai ƙarfin na Hiroshima wajen sau huɗu. Daga nan zuwa 1966 ta yi gwaji 17 a hamadar, huɗu a sarari, sha uku a cikin dutse a In Ekker, a yankin Hoggar da ke arewa da mu. Iskar hunturu da ke shigo mana ɗaki ta wannan hamada take ratsowa. Najeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961 saboda gwaje-gwajen nan. A 1971 kuma aka fara fitar da yuraniyom daga Arlit, hanyar da ka bi shekara ashirin ma da sunansa ake kiranta.

Kuma ka tuna 2003. Wasu takardun jabu suka ɓulla wai Nijar ta yarda za ta sayar wa Iraƙi tan 500. Ɗaya daga cikin wasiƙun na ɗauke da kwanan watan shekarar 2000, da sa hannun ministan da ya bar kujerar tun 1989. Duk wani ɗan lakwal a Yamai da ya san sunayen ministocinsa zai gane ƙarya ce. Duk da haka a ƙarshen Janairun shekarar shugaba Bush ya tsaya gaban majalisarsu ya ce Saddam ya nemi yuraniyom daga Afirka. Ranar 7 ga Maris shugaban hukumar nukiliya ta duniya, Muhammad al-Baradai, ya gaya wa Kwamitin Sulhu takardun na bogi ne. Kafin mako biyu su cika aka fara ruwan wuta a Bagadaza. Ranar da na ji sunan ƙasarmu a rediyo cikin wannan magana, teburin nan na fim ne ya faɗo mini a rai, da mutanen da ke kewaye da shi, kowa da takardarsa a gaba.

Akwai abin da nahiyarmu ta yi da ya kamata jikanka ya sani. Afirka ta Kudu ta ƙera bama-bamai shida, sannan ta wargaza su da hannunta. A 1996 ƙasashen Afirka suka sa hannu a Alƙahira kan yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta haramta ƙera makamin ko ajiye shi ko gwada shi a nahiyar, ta fara aiki a 2009.

A fim ɗin akwai mutum ɗaya da za ka gane tun kafin a fassara maka maganarsa, Manjo Kong, matuƙin jirgin da ya rage. Shi ya fi kowa iya aikinsa. An harbe shi, mai na zuba, na'ura ta mutu, bai bar yaransa sun karaya ba, ya sauko ƙasa-ƙasa yana ratsa duwatsu kamar direban da ya san kowane rami tsakanin Abalak da Agadas. Da ƙofar bam ta maƙale, da kansa ya sauka ya hau bisa bam ɗin yana haɗa waya da waya har ta buɗe, ya tafi tare da shi yana kaɗa hula. Ba mugu ba ne, Alhaji. Da a garejinku yake, da shi za ku ba amanar sabon yaro. Shi ya san abin da ya ɗauko da inda zai sauke shi, a nan kuka rabu da shi. Amma duk lokacin da na kai wurin nan nakan ji tausayinsa ya kama ni, don duk ƙwazon nan nasa wani ne can a ofis ya ɗora shi bisa hanyar da ba ta da wurin juyawa.

Ina zuwa Tawa da babbar Salla in Allah ya kai mu. Ka ce wa jikanka ya bar lambar wayarsa a ofishin mujalla. Zan zo da fim ɗin a kwamfuta, mu shimfiɗa tabarma bayan isha'i in riƙa fassara maka, kai kuma ka biya ni da labarin hanyar Arlit kafin a zuba mata kwalta.